Kalandar Kawu Labbo

Ƙarfe huɗu da kwata na yammar wata Asabar, a lokacin sussukar shinkafa, babur ya tsaya a ƙofar gidanmu da ke Gwadangaji. Na riƙe lokacin ne saboda shirin Kawu Labbo ƙarfe huɗu yake farawa a rediyo, kuma da kwata ta cika ake katse shi a saka tallar taki. Tallar ce ke tashi sa'ad da na ji an kashe injin. Ina tsugune a tsakar gida ina juya shinkafar da Inna ta turara ta shanya a kan buhuna, rediyon tana rataye a reshen darbejiya, kaji suna ta kewaye ni suna jiran in kau da ido. Shi Kawu yana ɗakinsa na zaure yana sauraron kansa, domin tun Laraba ake naɗar shirin. Aka yi sallama gajera, irin wadda ba a jiran amsarta. Na leƙa ta gefen labulen zaure, na ga samari biyu manya, ƙafafunsu butu-butu da ƙurar hanya, ɗayan riƙe da takarda a naɗe. Kawu ya fito da fara'arsa yana cewa maraba da mutanen Argungu, ya miƙa hannu. Babu wanda ya karɓa. Babban ya warware takardar ya ɗaga ta, sai na ga zanena ne.

Shekarata goma sha ɗaya a lokacin, ina aji biyar na firamare. Kawu Labbo ƙanen Inna ne, kuma tun da matarsa ta rasu ya dawo gidanmu da zama. Mutum ne gajere, fuskarsa ba ta da wani abin da za ka tuna, har sai ya fara magana. Sana'arsa ban dariya, amma ba ya ƙirƙirar labarin gizo ko na wani ƙauye da babu shi. Duk labaransa na mutanen da suka yi suna ne, waɗanda ya yi ƙuruciyarsa yana bin su: ya riƙe wa 'yan kokawa jaka, ya shiga motar makaɗa, ya yi wa baƙin bikin kamun kifi jagora. Yana da labarin wani mawaƙi da muryarsa ba ta fita sai an soya masa kan kifi, da na wata 'yar fim da ta shiga kwalekwale da takalmi mai tsini ta huda shi, da na mai karanta labarai a talabijin wanda ke saka babbar riga a sama, gajeren wando a ƙasan tebur. Idan yana bayarwa sai ya zama mutumin. Kunnensa kan yi kamar ya ƙara girma, wuyansa ya yi tsawo, muryarsa ta bar jikinsa. A gidajen biki an sha riƙe tsofaffi don kada su faɗo daga kujera.

Ni kuwa yarinya ce da ba a jin muryarta. A makaranta idan 'yan mata suna 'yar gala-gala ko carafke a gindin mangwaro, ni ce mai tsaron takalma, littafi a cinya. Idan malami ya kira sunana sai harshena ya yi nauyi, ko da na san amsar. A gida aikina ɗebo ruwa a famfon unguwa da safe, wanke-wanke, da tsinar shinkafa. Lokacin damina kuma a tafi da mu fadamar Zauro korar tsuntsaye, mu yini muna jan igiya mai gwangwanaye. Abin da nake yi wa kaina kaɗai shi ne zane da gawayi a bayan ɗakin girki, inda ruwan sama ke wanke shi kafin kowa ya gani. Wata rana na zana mawaƙin nan mai kan kifi a bayan takardar jarrabawa, na mance da ita a kan turmi. Kawu ya tsinta. Ya daɗe yana kallo bai yi dariya ba, sannan ya ce, "Malama, wa ya gaya miki haka kunnenshi yake?" Na ce shi na gani ya ja nasa kunnen. Tun daga ranar sunan Malama ya bi ni, kuma tun daga ranar na samu aiki.

Bayan la'asar, idan na dawo Islamiyya, sai ya zauna a kujera 'yar tsugunno a zaure ya ba da labari ɗaya daga farko har ƙarshe, ni kaɗai ce mai sauraro. Idan ya zo wurin da ake fashewa da dariya sai ya tsaya cak, ya riƙe fuskar, ni kuma in yi ta zana. Wani lokaci hawaye kan zubo masa saboda gajiyar tsoka, yana magana ta gefen baki wai in yi sauri kafin ya mutu a fuskar wani. Ba na iya sauri. Nakan goge layi ɗaya sau da yawa har takarda ta yi laushi. Inna ba ta so abin ba, domin malaminmu na Islamiyya ya taɓa magana a kan zanen mai rai. Sun yi ta ja da Kawu, daga baya aka tsaya a kan sharaɗi biyu: ba za a ajiye zanen a ɗakin da ake salla ba, kuma ba za a taɓa rubuta sunana a jikinsa ba.

Kawu yana da ƙa'ida ɗaya da duk wanda ya san shi ya san ta. Ba ya ba da labarin mutum a bainar jama'a sai ya fara bayar da shi a gaban mutumin. Yakan je har gida, a ci abinci, sannan ya tashi ya kwaikwayi mai gidan a gaban idonsa. Idan ya yi dariya, labarin ya halatta. Idan ya yi murmushin yaƙe kawai, Kawu ya binne labarin ke nan, ko da ya fi duk sauran daɗi. Yakan ce, "Wanda bai yi dariyar kanshi ba, ba ni da ikon sa wasu su yi mai." Wannan ne ya sa ya shekara da shekaru yana taɓa manya ba a taɓa kai ƙararsa ba.

Maganar kalanda daga Oga Obinna ta fito, wani ɗan kudu mai shagon buga takardu a bakin kasuwa, wanda ya daɗe a garin har Hausarsa ta koma irin tamu. Ya ga zanen a hannun Kawu, ya ce a tara sha biyu, kowane wata da mutum ɗaya, labarinsa a gajarce a ƙasa. Ni na rubuta labaran da hannuna kafin a buga, ina tambayar Kawu inda zan sa aya. Shi kuma ya ɗauki zanen ya yi ta yawo da su, yana nuna wa kowa nasa kamar yadda ya saba yi da labari. Mawaƙin ya ce a ƙara wa kifin girma. 'Yar fim ta aiko cewa a rage mata hanci amma a bar takalmin. Sha ɗaya suka amince. Na sha biyun Kawu ya bar shi ƙarshe, saboda shi ne wanda ba ya shakka a kansa ko kaɗan.

Manu Kututture ke nan, tsohon ɗan kokawar Argungu, wanda aka ce bayansa bai taɓa taɓa ƙasa a fili ba. Tare suka tashi da Kawu a unguwa ɗaya, tare suka yi su, wato kamun kifi, a gulbi suna yara, kuma jakarsa ce ta farko da Kawu ya fara riƙewa. Labarinsa shi ne wanda mutane suka fi roƙo. Wai wata shekara zazzaɓi ya kama Manu aka kai shi asibiti, wata 'yar ƙaramar nas ta fito da allura, sai ga mutumin da ƙarti ke gudu ya manne da bango, ya karkace baki gefe ɗaya yana kiran sunan innarsa. Manu da kansa ke sa Kawu ya maimaita masa, yana dariya yana dukan cinya yana cewa ƙarya ne, allurar ta fi haka girma. Ni ban taɓa ganin Manu ba. Na tambayi hoto, Kawu ya ce babu buƙata, in dube shi. Ya karkace bakinsa hagu, ya runtse ido ɗaya, ya sake hannu ɗaya ya yi lilo kamar ba nasa ba. Haka na zana: ƙaton mutum a gadon asibiti, baki a karkace, hannu a sake, da nas mai allura kamar taɓarya. Duk cikin sha biyun shi ya fi ci mini lokaci, kuma shi ya fi kyau.

Kawu ya kira wayar Manu don ya ce yana tafe, ɗansa ya ɗauka ya ce yana gona a Gulma. Ya sake kira bayan kwanaki, aka ce yana barci. Oga Obinna kuma yana matsawa, yana cewa shekara ta kusa ƙarewa, kalandar da ta makara sai dai masu ƙosai su naɗe kaya da ita. Kawu ya yi shawara da kansa, ya ce ai Manu ya yi dariyar labarin nan fiye da kowa, zanen kuwa labarin ne a takarda. Ya ce a buga. Sau ɗaya ke nan a rayuwarsa ya tsallake ƙa'idarsa, kuma a kan mutumin da ya fi yarda da shi. Cikin mako guda kalandar ta shiga teburan masu shayi, shagunan aski da tashar mota, direbobi suka kai ta Argungu.

Abin da ba mu sani ba, wanda samarin nan biyu, 'ya'yan Manu, suka zo da shi ranar Asabar ɗin, shi ne Manu ya faɗi a gona makonni kafin a buga kalandar. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta ƙi fita daidai. Mutanen gidan suka ɓoye zancen, kamar yadda ake ɓoye ciwon mutumin da sunansa ya ginu a kan ƙarfi. Da asuba suka kai shi asibiti, a rufe suka dawo da shi, duk wanda ya tambaya a ce yana gona. Sai ga shi rataye a shagon mai shayin unguwarsu, a gadon asibiti, bakin a karkace ta gefen da ya karkace. Babban ɗan, Sani, bai ɗaga murya ba. Da can Baba Labbo yake kiransa. Ranar bai kira shi da komai ba. Ya ce, "Ko dai ka san shina kwance ka zana shi, ko kuma zanenka ne ya kwantar da shi. Zaɓi guda." Idan Kawu ya ce zanen ya girmi ciwon da watanni, ya tabbatar musu da zargin sammu. Idan ya ce bai girme shi ba, ya zama mai yi wa amininsa dariya a kan gadon jinya. A tsakar gida tallar taki ta ƙare, muryarsa ta dawo a rediyo tana kwaikwayon mawaƙi, ana jin dariyar mutanen ɗakin naɗi. Ƙaramin ɗan ya tambayi wanda ya yi zanen. Ina bayan labule ina ji. Kawu ya ce shi ya yi da hannunsa. Suka ce kada ya sake taka ƙofar gidansu, suka hau babur.

Washegari Kawu ya fara bin gari yana karɓo kalandar. Oga Obinna ya rufe shago ya bi shi, ya kuma ƙone sauran da ba a sayar ba a bayan shagonsa ba tare da an roƙe shi ba. Wasu suka bayar, wasu suka ce sai dai a yage shafin kawai, wasu kuma da suka ji dalili sai suka ɓoye tasu, domin yanzu ta zama abin nunawa. Neman da Kawu ya yi shi ya ƙarasa yaɗa ciwon da gidan Manu ke ɓoyewa. Ya dawo da tarin shafukan watan ƙarshe ya tura su a murhun Inna. Ni na tsaya ina kallon nas ɗin tana naɗewa a wuta. Kawu ya dafa kaina ya wuce.

Abu ɗaya yake so, ya shiga ɗakin Manu ya yi masa bayani da bakinsa. Kowace Juma'a sai ya shiga mota zuwa Argungu, ya yi salla a can, ya je ya zauna a dakalin ƙofar gidan har la'asar. Ba a korar shi, ba a kuma shimfiɗa masa tabarma. Ya aika dattawan unguwa, aka ce musu mara lafiya ba ya son hayaniya. Ya aika limami, aka ce sai ya ji sauƙi. Daga baya ya tuna cewa namiji ne ake tsayarwa a zaure, mace ba a hana ta shiga cikin gida. Inna ta ce ita ba za ta iya haɗa ido da matan ba. Sai aka sa mini hijabin Sallah, aka ba ni ƙwaryar fura, muka tafi tare. Duk hanya yana maimaita mini saƙon: in ce Labbo yana ƙofa, in ce bai sani ba, in ce a bar shi ya shigo ko da ba zai yi magana ba. Na yi ta bitarsa a zuci kamar hadda, ina kallon tarin albasa da gonakin shinkafa suna wucewa ta taga.

Gidan babba ne, shiru kamar an yi rasuwa. Akwai ragar kamun kifi a shanye a kan katanga, da ƙahonin kokawa da layu rataye a bakin wani ɗaki mai labule shuɗi. Matar Manu tana tankaɗe a inuwa, gefenta wata yarinya sa'ata tana tsinar zogale tana kallona ba ƙiftawa. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye furar, na faɗi saƙon duka ban bar ko kalma ba, kodayake muryata ba ta wuce tabarmar ba. Daga bayan labulen na ji wani sauti mai kauri, kamar mutum yana ƙoƙarin kiran suna da baki cike da ruwa. Matar ta dubi labulen, ta dube ni, ta ce, "An ji." Ta juye furar ta ba ni ƙwaryar. Da na fito Kawu ya miƙe tsaye yana tambaya ko na gan shi, ko ya ce wani abu. Na ce an ce an ji. Ya koma ya zauna. Da la'asar muka shiga motar gida.

Daga nan abubuwa suka riƙa zubewa a hankali. Ya fara daina labarin Manu, sannan ya daina duk labarin da ke buƙatar karkace baki, sannan ya daina yin fuskoki gaba ɗaya, sai murya kawai. Mutane suna dariya don kara, ba irin ta da ba. A gidan wani biki wani ya yi ihu daga baya wai a yi hattara kada ya zana ango, aka yi dariyar da ta fi duk wadda Kawu ya samu a ranar. Gidan rediyo suka mayar da shirinsa sau ɗaya a wata, daga baya shi da kansa ya daina zuwa. Ya karɓi aron fili a Zauro ya koma noman albasa. Manu ya rasu a ƙarshen daminar da ta biyo. Kawu ya je jana'iza ya tsaya a sahun ƙarshe, ya dawo kafin a fara zaman makoki. Ya tabbata a ransa cewa an nuna wa Manu zanen, ya gani, ya ƙi shi, ya mutu a haka. Sau ɗaya na yi ƙarfin halin tambayarsa ko da gaske ya gani. Ya ce in je in taya Inna aiki. Ni ma ban sake zana fuskar mutum ba. A makaranta taswira da sassan fure kawai nake zanawa, su ma malamai kan ɗaga su nuna wa aji.

Yanzu ba a buga irin wannan kalandar. Yaran unguwarmu kan ɗauki hoton kowane babba a waya su ja masa hanci, su ɗora masa muryar akuya, kafin magariba ya gama gari, kuma babu wanda ke zuwa gidan kowa ya nemi izini. Nakan ga ƙannena suna dariya a kan waya, dariya mai sauri da ke ƙarewa da zarar yatsa ya goge ta wuce. Ɗakin zaure ya zama wurin ajiye buhunan shinkafa. Kawu ya rasu ina ajin ƙarshe na sakandare, bayan gajeren ciwo, kuma cikin masu gaisuwa da yawa ba su san manomin albasan nan ya taɓa sa gari dariya ba. Wani lokaci bayan la'asar nakan tsinci kaina ina jiran a kira Malama daga zaure.

A shekarata ta farko a kwaleji aka haɗa ni ɗakin kwana da 'yan mata uku, ɗaya daga Argungu, sunanta Kulu. Kallonta na fara ganewa kafin ta faɗi sunan mahaifinta. Ita ce yarinyar zogale, 'yar Manu. Ita ma ta gane ni, amma ba wadda ta tayar da maganar. Muka yi zango guda muna cin abinci a kwano ɗaya, tana aron littattafaina, ina ɗaure mata kitso da zare, tambayar tana raina. Sai ranar da muke haɗa kaya za mu tafi hutu, sauran biyun sun riga sun fita, na ce mata ina da tambaya, in ba ta so kada ta amsa. Na ce, da babanki ya ga zanen nan, me ya ce? Ta daina ninke mayafin da ke hannunta, ta zauna a bakin gado.

"Bai taɓa ganin shi ba," in ji ta. "Su Yaya Sani sun hana a nuna mai, kuma sun riga sun yi rantsuwa gaban mutane cewa kawunki ba shi shiga gidan, ba su iya janyewa. Shi dai kullum in na kai mai abinci sai ya riƙe hannuna. Sunan kawunki kaɗai ke fita daidai a bakinshi. Shina tambaya ta mi ya hana Labbo zuwa."